Koyar da Kiɗa ga 'Ya'yan Talakawa a Ƙasar Benezuwela

Tun da daɗewa malamai su ke jayayya a kan matsayin kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo a cikin tarbiyyar yara. Waɗansu suna ganin abin shagala ne, wanda a ke yi in an tashi daga karatu. Waɗansu kuwa suna ganin ta wannan hanya yaro ya kan sami wani horo da allo da alli ba su ba shi, har ma ya sami sana'ar da zai ci abinci da ita. Masu wannan ra'ayi na biyu, in aka ce su kawo hujja, yawanci ƙasa guda su kan nuna, watau Benezuwela, inda Gwamnati ta yi shekara da shekaru tana kashe kuɗi wajen koya wa yara kiɗa kyauta da sunan yaƙi da talauci. Ana kiran wannan shiri El Sistema, ma'anarsa da Sifaniyanci kuwa ita ce "Tsarin".

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana asalin shirin, da yadda a ke koyarwa a cikinsa, da sana'o'in da ya haifar, da kuma abin da aka gani sa'ad da aka auna shi. Akwai tambayoyi biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe dabam dabam, domin sau da yawa a kan cakuɗa su. Ta fari, shin shirin yana amfanar yaron da ya shiga? Ta biyu, shin ɗan talakan da aka yi abin dominsa, shi ne ya ke shiga?

1. Asalin Shirin

Benezuwela tana can arewacin Amurka ta Kudu, a bakin Tekun Karibiyan. Babban birninta Karakas, harshen mutanenta Sifaniyanci, arzikinta kuwa man fetur. Cikin 1973 da 1974 farashin mai ya tashi ƙwarai a duniya, kuɗi suka kwararo cikin baitulmalin ƙasar, sa'an nan a farkon 1976 Gwamnati ta karɓe harkar man daga hannun kamfanonin ƙetare. Amma duk da wannan wadata, duwatsun da su ke kewaye da Karakas cike su ke da unguwannin talakawa, gida bisa gida, inda aiki ya yi ƙaranci, faɗace-faɗacen samari kuwa suka yi yawa.

A wannan zamani ne wani mutum mai suna José Antonio Abreu ya fara aikinsa. An haife shi cikin 1939 a garin Balera. Ya yi ilmin tattalin arziki mai zurfi, ya taɓa zama wakili a majalisar ƙasa, kuma gwanin kiɗa ne. Daga baya har ya riƙe muƙamin ministan al'adu. Haɗuwar waɗannan abubuwa a hannun mutum guda ita ce ta ba shirin ƙarfi, gama Abreu ya san kiɗa, ya kuma san ƙofofin da a ke bi a sami kuɗin hukuma.

Irin kiɗan da ya sa a gaba shi ne na babban taron makaɗa wanda Turawa su ke kira okestira. A cikin okestira a kan sami mutum 80 zuwa 100, an kasa su kashi huɗu: masu kayan tsirkiya irin su goge, ƙanana da manya, masu kayan busa na itace irin su sarewa, masu kayan busa na tagulla masu kama da kakaki da begila, da masu ganguna. Kowa yana duban takarda wadda aka rubuta rabonsa na kiɗan a ciki, sa'an nan jagora guda yana tsaye a gabansu da 'yar sanda yana nuna musu inda za a shiga, da inda za a sassauta, da inda za a tsaya. Benezuwela tana da irin wannan ƙungiya tun 1930, amma da yawa daga cikin makaɗanta baƙi ne da suka zo daga Turai, matasan ƙasar kuwa ba su cika samun gurbi ba.

Cikin Fabrairu 1975 Abreu ya kira matasa su zo a kafa tasu okestira. A taron gwaji na farko, wanda aka yi a wani wurin ajiye motoci a Karakas, mutum 11 kaɗai suka zo. Bai karaya ba. Kafin shekara ta kewayo ƙungiyar ta cika, har cikin 1976 ta tafi wani bikin makaɗa matasa a birnin Abadin na Sikotilan, ta dawo da yabo. Ganin haka Gwamnati ta ɗauki nauyin abin. Ya kamata a lura cewa farkon manufar ita ce a samar wa ƙasa makaɗa 'yan ƙasa. Zancen ceton 'ya'yan talakawa a hankali ya riƙa ƙarfi, ya kuma fi fitowa fili bayan da Hugo Chávez ya hau mulki cikin 1999 da alkawarin kyautata wa talakawa.

2. Yadda A Ke Koyarwa

Ginshiƙin shirin shi ne cibiyar unguwa. Akwai ɗaruruwansu a faɗin ƙasar, waɗansu a gine-ginen da aka yi musamman, waɗansu kuwa a aron ɗakunan makaranta ko na coci. Yaro ya kan je makarantarsa ta boko da safe, da rana ya zo cibiya, ya yi kamar awa 3 ko 4, kwana 5 ko 6 a mako. Ba a biyan kuɗin koyo, kuma a kan ba yaro aron abin kiɗa.

Al'adar makarantun kiɗa na Turai ita ce yaro ya yi shekaru yana koyo shi kaɗai da malami, yana karatun alamomin kiɗa, kafin a yarda ya shiga ƙungiya. Abreu ya juya abin. A cibiyoyinsa yaro ya kan zauna cikin ƙungiya tun daga farko, ko da sauti biyu ko uku kaɗai ya iya fitarwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda makaɗan Hausa su ke renon yaransu, inda a kan rataya wa ƙaramin yaro kazagi ya bi manya yana bugawa, kunnensa yana gyaruwa a cikin taron. Bambancin shi ne, a ƙasar Hausa yawanci gado ne ya ke kawo yaro gidan kiɗa, a Benezuwela kuwa hukuma ce ta buɗe ƙofa ga kowa, aka kuma haɗa da karatun rubutaccen kiɗa.

Ƙananan yara su kan fara da waƙa da tafi da wasannin motsa jiki. A waɗansu cibiyoyi akwai abin da a ke kira okestirar takarda: iyaye su kan taya yaro ya haɗa goge na kwali, ya yi makonni yana koyon yadda a ke riƙe shi, da yadda a ke zama, da yadda a ke ajiye shi a hankali, kafin a damƙa masa na gaske. Hikimar a nan biyu ce. Ana kiyaye kaya masu tsada daga ɓarna, ana kuma jawo iyaye cikin sha'anin tun da wuri.

Wata ƙa'ida kuma ita ce, wanda ya iya abu kaɗan ya koya wa na bayansa. Yaro ɗan shekara 14 ya kan zauna da 'yan shekara 8 yana gyara musu riƙon baka. Rashin isassun malamai ne ya kawo wannan dabara, amma ta zama makarantar horon malamai a fakaice. Har wa yau a kan yawaita wasa a gaban jama'a, domin yaro ya saba da tsayuwa gaban mutane, iyaye kuma su ga amfanin sa'o'in da 'ya'yansu su ke ɓatarwa. Daga ƙungiyar cibiya gwani ya kan hau zuwa ta jiha, daga nan zuwa ta ƙasa, ƙololuwar kuwa ita ce okestirar da aka sa wa sunan Simón Bolívar, jarumin da ya jagoranci yaƙin 'yancin ƙasar.

Da tafiya ta yi nisa an ƙara waɗansu rassa. Cikin 1995 aka fara wani sashe na yara naƙasassu a birnin Barkisimeto, daga cikinsa ne aka sami ƙungiyar da ta yi suna, wadda kurame su ke sa fararen safar hannu suna fassara waƙa da motsin hannu, makafi da sauran yara kuwa suna rerawa da murya. Cikin 2007 aka kai shirin gidajen kurkuku. Aka kuma buɗe wani reshe na kiɗan gargajiyar ƙasar, wanda a ke yi da wata 'yar garaya mai tsirkiya huɗu da molo babba da caki.

3. Sana'ar da A Ke Samu

Babu mai musun cewa shirin ya haifi gwanaye. Wanda ya fi shahara shi ne Gustavo Dudamel, haifaffen Barkisimeto cikin 1981. Ya fara da goge, ya zama jagoran okestirar Simón Bolívar cikin 1999 yana da shekara 18, ya ci gasar jagororin kiɗa a garin Bambag na Jamus cikin 2004. Cikin 2007 ya kai matasan nan babban bikin kiɗa na shekara shekara da BBC ta ke shiryawa a Landan, daren da ya sa sunan shirin ya game duniya. Cikin 2009 ya zama shugaban kiɗa na babbar okestirar Los Angeles, cikin 2023 kuwa aka ba da sanarwar cewa zai koma ta New York a 2026. Akwai kuma Edicson Ruiz, wanda aka haifa cikin 1985, ya tashi a wata unguwar talakawa ta Karakas, ya sami gurbi a babbar okestirar Balin yana da shekara 17, yana kaɗa goge mafi girma, wanda a ke jinginawa a ƙasa. Rafael Payare, wanda ya fara da busa ƙaho, ya zama shugaban kiɗa na okestirar Montreal a Kanada cikin 2022.

Amma fa mai nazari ba zai auna makaranta da almajiranta uku ba. Kujerun manyan okestirori na duniya ƙalilan ne, masu nemansu kuwa dubbai. Daɗin daɗawa, ba duk taurarin nan ne suka fito daga tsananin talauci ba. Dudamel kansa ɗan gidan kiɗa ne, mahaifinsa mabushi, mahaifiyarsa malamar waƙa.

Sana'ar da ta fi samuwa ga jama'a masu yawa ita ce ta cikin gida. Da ya ke cibiyoyi sun yi yawa, ana bukatar dubban malamai, kuma yawancinsu tsofaffin almajiran shirin ne. An kafa okestirori a jihohi, waɗanda su ke biyan albashi. Akwai ɗakunan da a ke koyon sassaƙa kayan kiɗa da gyaransu, gama goge ya kan tsage, tsirkiya ta kan tsinke, kayan tagulla su kan lotse, aikawa da su ƙetare kuwa tsada gare shi. Akwai masu kula da takardun kiɗa, da masu ɗaukar sauti, da masu shirya tafiye-tafiye. Ta haka shirin ya zama kamar kasuwa mai cin kanta: yana horar da mutane, yana kuma ɗaukarsu aiki. Ƙarfinsa ke nan, kuma rauninsa ke nan, domin kusan dukan waɗannan ayyuka daga aljihun Gwamnati a ke biyansu.

Mafi yawan yaran da suka ratsa cibiyoyin ba su zama makaɗa ba. Su kan yi shekara biyu ko biyar su bari, su kama wata hanya. Saboda haka masu shirin su kan ce ribar da ta fi girma ita ce ta hali, watau zuwa a kan lokaci, da haƙuri da maimaita abu har ya zauna, da sauraron na kusa, da sanin cewa kuskuren mutum guda ya kan ɓata aikin mutum ɗari. Wannan da'awa ce mai daɗin ji, amma an daɗe ba a gwada ta ba.

4. Abin da Awo Ya Nuna

Cikin 2007 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya amince da ba Benezuwela rancen dala miliyan 150 domin faɗaɗa shirin. Mai ba da irin wannan kuɗi tilas ya so sanin abin da su ke haifarwa, don haka daga baya bankin ya ɗauki nauyin wani bincike, wanda aka gudanar daga 2012 zuwa 2013, aka buga sakamakonsa cikin 2017.

Hanyar binciken ta cancanci a bayyana ta, gama ita ce ta ba shi daraja. In aka kwatanta yaran da su ke zuwa cibiya da waɗanda ba su zuwa, aka ga na farko sun fi natsuwa, ba za a san ko kiɗa ne ya natsar da su ba, ko kuwa da ma natsattsun ne su ke zuwa. Domin a kauce wa wannan, sai aka ɗauki yara 2,914, 'yan shekara 6 zuwa 14, waɗanda duk iyayensu suka nema musu shiga a cibiyoyi 16. Aka jefa ƙuri'a. Kimanin rabinsu aka ba su gurbi a Satumba 2012, sauran aka ce su jira sai Satumba 2013. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, kowane bambanci da ya bayyana bayan shekara guda ana iya jingina shi ga shirin.

Abu uku suka fito. Na ɗaya, yaran da aka ba gurbi sun ɗan fi sauran kamun kai, matsalolin halinsu kuma sun ɗan ragu. Bambancin na gaske ne, amma ƙarami ne. Na biyu, ba a ga wani ƙari ba a wajen kaifin basira, ba a kuma ga sun fi sauran son taimakon jama'a ba, alhali kuwa waɗannan suna cikin abubuwan da aka fi yi wa shirin kirari da su. Na uku, amfanin ya fi girma ga yaran da iyayensu mata ba su yi karatu mai nisa ba, da kuma yara maza waɗanda suka tashi cikin ganin tashin hankali. Waɗannan na ƙarshe an ga faɗa da tsokana sun ragu a wurinsu.

Sai kuma wani abu na huɗu, wanda ba shi aka fita nema ba. Da aka ƙiyasta halin gidajen yaran nan, sai aka tarar kashi 16.7 cikin 100 ne kaɗai su ke cikin talauci, alhali kuwa a jihohin da cibiyoyin su ke, matalauta sun kai kashi 46.5 cikin 100. Watau ke nan yaran da suka zo neman shiga sun fi matsakaicin yaran jihohinsu wadata, nesa ba kusa ba.

Lalle binciken yana da iyaka. Shekara guda kaɗai ya duba, tarbiyya kuwa ba ta nuna cikin damina ɗaya, kuma cibiyoyi 16 ba su ne dukan ƙasar ba. Duk da haka, in aka haɗa abu na uku da na huɗu, sai a ga hoto guda: yaron da shirin ya fi yi wa amfani shi ne wanda ya fi wuyar gani a cikin ɗakin.

Ba wuya a gane dalili. Rashin biyan kuɗin koyo bai sa abu ya zama kyauta ba. Yaron da zai zo cibiya kwana 6 a mako yana bukatar kuɗin mota, da wanda zai raka shi ya kuma ɗauko shi da magariba ta hanyar da ba ta da tsaro, da abin da zai sa a cikinsa kafin ya yi awa 4 yana busa. Gidan da ya dogara da tallan yaro, ko da renon da yarinya ta ke yi wa ƙannenta, ba zai iya sakinsu kowace rana ba. Kafin duk wannan ma, sai an sami uwa ko uba da ya ji labarin cibiyar, ya san ranar rubuta suna, ya kuma yarda cewa irin wannan wuri na ɗansa ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai rariya ne, talaka kuwa shi ne ya ke zubewa.

5. Suka da Jarrabawa

Tun kafin wannan sakamako ya fito, wani masanin kiɗa na Ingila mai suna Geoffrey Baker, wanda ya zauna a ƙasar yana bincike, ya buga littafi cikin 2014 yana sukar shirin. Cikin abubuwan da ya kawo akwai cewa koyarwar ta dogara da maimaici da bin umarnin jagora, ba ta cika ba yaro damar ƙirƙira ko faɗin ra'ayinsa ba. Cewa an fifita manyan ƙungiyoyin da su ke yawon duniya a kan cibiyoyin ƙauye. Da cewa an ɗora kiɗan Turai bisa na gida. Magoya bayan shirin sun mayar da martani da zafi, suka nuna dubban yaran da rayuwarsu ta canja. Muhawarar ta yi amfani, gama ta tilasta wa masu irin wannan aiki a ko'ina su riƙa kawo shaida maimakon kirari.

Jarrabawar da ta fi tsanani daga tattalin arziki ta zo. Farashin mai ya faɗi cikin 2014, kuɗin ƙasar suka lalace, har albashin malami ya kasa sayen abincin mako. Fiye da mutum miliyan 7 suka bar Benezuwela a shekarun da suka biyo baya, cikinsu har da makaɗa da malaman cibiyoyi masu yawa. Waɗansu sun sami aiki a okestirori da makarantun ƙasashen waje, abin da ya nuna cewa sana'ar hannu guzuri ce da a ke tsallaka iyaka da ita. Waɗansu kuwa a tashoshin jirgin ƙasa da bakin titi suka koma kiɗa. A Buenos Aires, babban birnin Ajantina, irin waɗannan baƙi suka haɗu suka kafa okestira tasu cikin 2017.

Dogaro da hukuma ya kuma jawo shirin cikin siyasa. Tun 2011 aka mai da shi ƙarƙashin ofishin Shugaban Ƙasa. A watan Mayu 2017 aka harbe wani saurayi ɗan shekara 18, makaɗin shirin, a wajen zanga-zanga a Karakas. Dudamel, wanda ya daɗe yana kame bakinsa, ya fito ya soki Gwamnatin Nicolás Maduro, ba a jima ba kuwa aka soke tafiye-tafiyen da zai yi da ƙungiyoyin ƙasar a wannan shekara. Abreu ya rasu ran 24 ga Maris 2018. A shekarar ce hukuma ta ba da sanarwar cewa yaran shirin sun kai miliyan guda, cikin Nuwamba 2021 kuwa aka tara makaɗa 8,573 suka yi kiɗa tare a Karakas, aka rubuta shi a littafin Guinness a matsayin okestira mafi girma da aka taɓa haɗawa har zuwa lokacin. Irin wannan taro yana nuna iya shiri da yawan jama'a, amma ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan biyu.

6. Waɗanda Suka Ɗauki Darasi

Ƙasashe da dama sun kwaikwayi shirin, waɗansu kuma sun gyara shi ta wajen da ya fi rauni. A Sikotilan, cikin 2008, an fara da unguwa guda tak mai suna Raploch a garin Stirling, wadda aka san ta da rashin aikin yi. Maimakon a jira iyaye su kawo yara, sai malaman kiɗa suka shiga makarantun unguwar, suka fara da 'yan ajin reno da na farkon firamare a cikin lokacin karatu, yadda kowane yaro zai taɓa abin kafin a zo ga zaɓin wanda zai ci gaba da yamma. A Ingila, cikin 2009, an yi haka a wata makarantar firamare ta unguwar West Everton a Libaful, inda dukan yaran makarantar suka ɗauki kayan kiɗa, har da malamansu. A Los Angeles kuwa, shirin da aka fara cikin 2007 ya kafa cibiyoyinsa a unguwannin marasa ƙarfi, ya haɗa koyon kiɗa da taimakon yara a kan karatunsu na makaranta.

Abin da ya haɗa waɗannan uku shi ne, an fara zaɓen wuri, sa'an nan aka kai kiɗa can. Ƙanana ne in aka gwada su da na Benezuwela, kuma kuɗin da a ke kashewa a kan kowane yaro yana da yawa, amma sun san ko su wane ne su ke zaune a ɗakin.

7. Abin Lura ga Malamai

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da waɗansu ƙa'idodi, waɗanda ba su tsaya ga okestira kaɗai ba, sun shafi ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta rawa ko ta waƙa da za a kafa domin yara marasa galihu.

Da fari, abin da ya ke gyara halin yaro ga alama shi ne tsarin da ya ke kewaye da kiɗan: wuri amintacce, da lokaci tsayayye, da babban mutum mai lura da shi kullum, da aikin da ba ya yiwuwa sai da 'yan'uwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma tanƙwarar sai da hannu mai ɗorewa.

Na biyu, wajibi ne a gaya wa yara da iyayensu gaskiya game da sana'a. Ɗaya cikin dubbai ne zai yi suna. Hanyoyin da suka fi tabbas su ne koyarwa, da gyaran kaya, da ayyukan bayan fage, kuma ya kamata a koyar da su da gangan, kada a bar su su zama abin da mutum ya ke faɗawa ciki bayan burinsa ya karye. Kada kuma dukan ayyukan su rataya a wuyan mai biya guda.

Na uku, wanda ya ce don 'ya'yan talakawa ya ke aiki, to, ya ƙirga su. Ya san sana'ar iyayen kowane yaro, da nisan gidansa, da wanda ya daina zuwa, da dalilin da ya sa ya daina. Kuɗin mota da kwanon abinci suna cikin kayan koyarwa kamar yadda goge da ganga su ke. Benezuwela ta yi shekara 37 tana wannan aiki kafin a jefa ƙuri'ar da ta nuna ko wane ne ya ke amfana da kuma ko wane ne aka bari a waje. Wanda zai fara yau yana iya buɗe littafin ƙidayarsa tun ranar da ya rubuta sunan yaro na farko.